Ƙayar da Lawali Ya Kewaye Gonarki da Ita

Zuwa ga Inna, a makwancinki na Kwatarkwashi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ɗiya ga uwa, ƙarar ɗanki na kawo.

"Muddin ina numfashi, shanun Goggo Hajjo za su ci karan gonarki." Lawali ne ya faɗa, hannunki cikin nasa, ina tsaye a kanku. Bana ana gama girbi ya kewaye gonar da ƙaya, wai ƙone karan zai yi. Da na tuna masa, sai ya yamutsa fuska ya ce gargajiya ce.

Ke kika nace sai na yi karatu, Inna, don haka na bi kalmar har gidansu. Masana harshe sun ce daga gado ta fito, aka ninka ta: abin da aka gada, aka sake gada. Ba camfi ba ce. Camfi tsoro ke haifarsa. Gargajiya kuwa sai an gwada an ga amfaninta ake miƙa wa na baya. Ranar rabon gonaki dai ban ga Lawali ya yamutsa wa gado fuska ba.

Ina tuna ki a bakin gona, zane ɗaure a ƙugu, kina ƙwala wa Hajjo kira tun tana nesa da garkenta. Shanu su shiga, su ci kara, su bar taki. Kina cewa, "Saniya ba ta cin bashi, nan take biya." Dawarki kuwa sai dogo ke kai hannu zangarniyarta.

Na san abin da ƙasar nan ta gani. Mun yi jana'iza, rugar Hajjo ma sun yi, aka kore musu shanu, 'yan kaɗan suka rage. Hajjo ta tsufa, Innata. In shanun ba su sami karan nan ba, ba za su ga damina ba. Nonon garken nan ya raya Lawali shekarar da naki ya ƙafe.

Na ba shi zuwa Juma'a. In aka sauko masallaci ƙayar na nan, Asabar zan taso daga Gusau da gatari, in buɗe gefen da ya faɗo rabona da rana tsaka, in aika a kira Hajjo. In Lawali ya isa, ya zo ya hana ni gaban mutane.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sada ki da rahama.

Ɗiyarki da kika ce ba ta jin linzami,
Rabi