Askin Jikata

Talata, 2 ga Maris, 1954
Alhamdu lillahi. Ruƙayyatu matar ɗana Mainasara ta sauka lafiya, mace. Jikata ta fari! Na juya in gaya wa matata Hauwa'u, sai na tuna shekararta uku a ƙasa. To, na gaya wa takarda. Amfanin ajin yamma ke nan.

Shekara talatin ina askin suna a Wurno. Wanga kai, ni zan aske shi.

Alhamis, 4 ga Maris
Hannun dama dai. Tun bara ya soma rawa, yanzu ko ina zaune yatsu na motsi kamar mai jan tasbaha. Kowa da nashi dalili. Maƙwabciyata Larai ta ce iskar tsamiyar da nake aski ƙarƙashinta ce. Gajere mai albasa ya ce sanyin fadama. Amma ko ɗaya bai ƙara kawo mini kai ba. Tabarma tana shimfiɗe, ni da ƙudaje.

Asabar, 6 ga Maris
Na sha rubutu. Na shafa man shanu da saiwar da Asta Bafulatana ta kawo daga Giyawa. Kamar da sauƙi.

Lahadi, 7 ga Maris
Babu sauƙi. Malamin asibitin da na gani a Rabah watan jiya ya ce abin daga ƙwaƙwalwa yake, magani sai dai ya rage. Rubutuna ma sai ƙanƙancewa yake, kamar sawun tururuwa.

Litinin, 8 ga Maris
Mainasara ya durƙusa, yana kallon ƙasa: "Baba, ko a kira Sale wanzamin Goronyo?" Na ce mi Sale ya sani? Na kore shi.

Da ya fita na wasa aska, na gwada a bayan albasa. Ta shiga har tsakiya. Na daɗe ina kallon ta. Maɗigar jinjiri ta fi albasa laushi.

Talata, 9 ga Maris
Suna. Hauwa'u anka sa mata. Sale ya yi askin, ni na riƙe kan da hagu. Ya tambaye ni ta ina ake somawa, alhali ya sani. Allah ya yi mishi albarka.

Asabar, 20 ga Maris
Amaryar tawa ba ta barci sai a cinyata. Uwar ta ce hannun Baba shi ya iya jijjiga.

Zabirar askina na wurin Sale. Aro ne. Ban dai aika a karɓo ba.