Baba Bai Ji Ƙarar Injin Ba

Malama, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure kuma ba wanda zan iya faɗa wa a gida.

Mahaifina makanike ne, shekara talatin yana saita injin motocin gudu masu turbo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi, kuma a kan titi yake yi. Sai ya cire takalmi don ƙafarsa ta ji totur, ya kashe rediyo, ya karkata kai. Kafin mu gama hawa tudu ya san ko fetur ne ya yi kaɗan ko iska ce ta yi yawa. Ni ke riƙe masa kwamfuta a cinya, yana faɗa ina canza saitin injin. Wallahi ban taɓa ganin mai kunne irin nasa ba, ina alfahari da shi.

To, bana na sayi tawa motar. Shi ya saita min, ranar har da 'yar waƙarsa. Amma muna hawa a giya ta huɗu sai na ji ƙara a injin, kamar tsakuwa a gwangwani. Na dube shi, yana ta murmushi. Bai ji ba, Malama. Kuma shi ya koya min cewa ƙarar nan ce ke cinye fistin. Sai na tuna kwanan nan sai an maimaita masa magana.

Akwai garejin da ke da daino, na'urar da ake ɗaure mota a kai, tayoyi na juyawa wuri ɗaya ana ganin komai a allo. Baba yana kiranta gadon asibiti. In na kai motar can a ɓoye, taku ɗaya zai yi wa totur ya gane. In na yi shiru injin zai tafi, kuma ba motata kaɗai yake taɓawa ba. Tausayinsa ya hana ni sukuni.

'Yar Makanike

'Yata, da farko ki daina matsa wa motar nan har a duba ta.

Babanki ya burge ni, kuma yana da gaskiyarsa. Titi na nuna abin da daino ba ta nunawa: zafin rana, cunkoso, hawa da kaya. Ita kuma daino ana maimaita gwaji ɗaya sau goma, ba mai tsallaka titi a gabanku, abin da ya wuce kunne allo zai kama. Makanikai da yawa da ita suke farawa, su ƙarasa a titi.

Kada ki je a ɓoye, wannan zai fi yi masa ciwo. Ki same shi ku biyu, ba a gaban abokan sana'a ba, ki faɗa masa abin da kika ji da giyar da kuke ciki. Ki roƙe shi ya raka ki wurin dainon, shi ya zauna a sitiyari, shi ya karanta allon. Kunnen ne ya gaji, ilimin yana nan. Daga can ku biya wurin likita.

Zai yi fushi, wataƙila ya yi kwana biyu bai kula ki ba. Ki daure. Gara ya ji daga bakinki da ya ji daga wanda injinsa ya fashe a tsakiyar hanya.

Allah ya ƙara masa lafiya, ke kuma ya yi miki albarka.