Na Ɓoye Lasifikar Mijina

Anti mai wannan fili, ki taimake ni da shawara kafin ranar Asabar, don ni dai kaina ya kulle. Kada ki sa sunana. Waɗanda suka san mu za su gane tun daga layi na uku, su kuwa sai su ji da kunnensu.

Mijina mai bishara ne. Shekara talatin da ɗaya ke nan da aka keɓe shi, ashirin da takwas a ciki da ni aka yi su. Ba fasto ba ne mai mumbari da fanka a bisa kai. Wurin aikinsa bakin tashar mota ne, gindin wani turken lantarki, tsakanin mai faci da masu sayar da ruwa. Kowace Talata da Asabar yakan rataya lasifika a kafaɗa, irin mai cin batir takwas, ya cika aljihu da takardun bishara, ya tsaya tun hantsi har rana ta yi sanyi. An zage shi, an watsa masa ruwan wanke mota. An taɓa ƙwace lasifikar aka jefa a kwata, ya tsamo ta ya wanke, ya rataye a igiyar shanyata kusa da kayan yara.

Ni malamar makaranta ce. Ni na reni yara huɗu. Haihuwar auta ni kaɗai na kai kaina asibiti, domin ta yi rashin dabara ta zo ranar Talata. Wa'azin da yake yi, rabinsa da jan birona aka gyara shi, don Malam in ya fara jimla yakan manta inda ya ajiye ƙarshenta. Na karanta tarihin masu bishara ba ɗaya ba, ba biyu ba. Mutumin yakan sami shafi ɗari uku, matar ta sami layi ɗaya, wai ta kasance mai haƙuri. Na daɗe da sanin layina, har na haddace shi.

Wata biyar da suka wuce aka yi masa aiki a maƙogwaro, aka cire ƙari. Ya rayu, mun gode wa Ubangiji, amma muryar ta tafi. Abin da ya rage raɗa ce, kamar iska na tsiyaya daga taya. Likita ya ce in ya matsa wa wurin zai iya buɗewa, hayaƙin mota kuma guba ne gare shi. Na kawo masa ɗan allo da alli daga makaranta, da shi muke hira yanzu. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma ban taɓa jin daɗin zaman gidan nan kamar watannin nan ba. Na ɗauka a ƙarshe an dawo mini da mijina, ko da ba duka ba.

Dattawan ikilisiya suka shirya masa sujadar godiya, suka ce ya yi nasa, ya huta. Suka ba shi kujera a layin gaba da agogon bango. Agogon bango, Anti! Mutumin da bai taɓa zama a ɗaki ya san launin bango ba. Ya yi murmushi ya karɓa da hannu biyu, muka dawo gida ya tura shi ƙarƙashin gado, washegari ya sayo sababbin batir.

Mako uku da suka wuce na dawo daga makaranta ban same shi ba. Mai faci ne ya kawo shi a bayan babur, gaban rigarsa da ɗigon jini. Ashe tasha ya koma, ya kafa baki a lasifika yana matso raɗar nan, ita kuma sai ƙugi take yi, 'yan kamasho na dariya. Mai faci ya ce shi ya bar taya a buɗe ya je ya karɓe lasifikar daga hannunsa, yana ta roƙonsa, Baba ya isa, Baba don Allah. Na goge masa baki. Da ya kwanta, na ɗauki lasifikar na cusa a kwalin tsofaffin takardun jarrabawa da ke saman kabad. Kowace safiya yana rubuta mini a allo ko na ga lasifikarsa, ni kuma in ce ƙila a tasha aka bar ta. Ni fa, mai tsawata wa 'ya'yan mutane a kan ƙarya. Ya ɗaga katifa, ya leƙa bayan firiji. Sau biyu ya tsaya a gaban kabad ɗin, ya dube ni, ya wuce.

Jiya ya cika allon gaba da baya. Ya ce ran da aka keɓe shi ya durƙusa ya yi alkawarin shelar bishara muddin yana numfashi, kuma numfashi bai ƙare ba. Tunda muryarsa ta tafi, wai ni in zama bakinsa: shi ya rubuta, ni in tsaya gindin turken in karanta da ƙarfi. Har da zolaya a ƙasa, wai da ma ni ce mai gyara, sai in riƙa ƙarasa masa jimlolin a take. Ya ce ranar Asabar zai fita, ko da ni ko ba ni, ko da lasifika ko ba ita.

Anti, na ba mutumin nan ƙuruciyata da Asabar ɗina da jan birona. Murya ce kaɗai ta rage mini, ita ma kwana biyar a mako ina ƙarar da ita a gaban yara sittin. Yanzu ita ma yana so. Ba ni na durƙusa ba. Ba wanda ya tambaye ni a ranar, ban ma san shi ba lokacin. Kada ki ce mini rashin bangaskiya ne. Na gaskata abin da yake faɗa, na ma fi shi iya tsara shi. Matan zumuntar ikilisiya sun ce gata ne Allah ya yi mini, amma ba wadda ta ce za ta karɓe ni ko na Asabar ɗaya. Babbar 'yarmu ta ce in kulle ƙofa in ɓoye makulli, kamar da akuya nake zaune. Na gaji, irin gajiyar da barci ba ya ɗauka. Amma in na fito da safe na gan shi zaune a falo, takalma a ɗaure, yana kallon ƙofa, sai in ji kamar ni na riƙe wuƙar likitan.

In ba shi abarsa ya je ya kashe kansa? In bi shi in zama lasifika? Ko in ci gaba da ƙarya har ɗayanmu ya gaji?

Mai Jan Biro

AMSA

Malama, sannu da ƙoƙari. Na karanta wasiƙarki sau biyu, ban ga rashin bangaskiya a ciki ba. Fushi na gani, kuma yana da dalili.

Ki fara da kwalin, yau ɗin nan. Mutumin da ya tsaya sau biyu a gaban kabad ya dube ki ya san inda abarsa take, jira yake ki faɗa da bakinki. Ki sauko da ita ki ajiye a tebur, ki nemi gafara a kan ƙaryar, ita kaɗai. Tsoron da ya sa kika ɓoye ba laifi ba ne. Daga nan ki gaya masa abin da kika gaya mini, har da haihuwar auta. Ina kyautata zaton bai taɓa jin wannan daga bakinki ba, yanzu kuwa ba shi da muryar katse ki.

Alkawarin nasa ne. Ba ki da ikon kwance masa, shi ma ba shi da ikon ɗaura miki. In kika tsaya gindin turken nan da ƙunci a rai, mutanen tasha za su ji ƙuncin kafin su ji saƙon. Ki ce a'a, ki kwana lafiya. In wata rana ranki ya so da kansa, wannan kiranki ne, magana ce daban.

Sai dai kada ki ɗauki halinsa taurin kai zalla. Mutum ne da a wurin nan kaɗai ya san amfanin kansa, aka miƙa masa agogo ya zauna yana kallon lokaci na wucewa. Dattawan sun yi da kyakkyawar niyya, amma sun sallame shi ba su tambaye shi ba. Ku je wurin fasto tare. In ikilisiya na ganin tashar na bukatar murya, ta aika mai murya. Wannan nauyinta ne, ba na matar aure ba.

Ki kuma sake duba wanda ya kawo shi gida. Mai faci ya bar aikinsa, ya goyo shi, yana kiransa Baba. Ba ƙarar lasifika ta jawo wannan ba, shekara talatin na zuwa ba fashi ne. Mutanen wurin sun haddace wa'azinsa. Abin da ba su taɓa samu ba shi ne ya zauna ya saurare su. Ku tambayi likita ko zai yarda da awa ɗaya a zaune, da takunkumi a baki, nesa da hayaƙi. In ya yarda, Malam ya tafi da allonsa da takardunsa ya zauna a bencin mai faci. In bai yarda ba, ƙofarku a buɗe take, mai faci ya san hanya. Lasifika ta zauna a gida, a fili, ba batir, da amincewarsa.

Zai iya ƙi. In ya ƙi, ki gaya masa ba za ki sake yi masa ƙarya ba, ba kuma za ki raka shi ya zubar da jini ba. Ki kira 'ya'yanku da fasto su tsaya tare da ke, ki daina ɗaukar abin nan ke kaɗai.

In kuwa ya tafi awarsa ɗaya ranar Asabar, kada ki taɓa wanki, kada ki gyara wa kowa komai. Ki ajiye jan biron ki ɗauki baƙi. Wadda ta rubuto wasiƙar nan ta fi ƙarfin layi ɗaya. Ubangiji ya ƙara masa lafiya, ke kuma ya ba ki hutu.