Na Kwana Idan Kin Kwana

Mutoko, 6 ga Mayu

Yaya Tavengwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya. An koma makaranta, ajina ya cika maƙil.

Ka tambayi jikin Baba. Tun rasuwar mahaifiyarmu Amai a watan Janairu yake ramewa. Loma uku yake yi wa tuwon sadza ya ture kwano. Na kai shi asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta ɗauko takardar tambayoyi, ta tambaye shi barci. Ya ce ya kwana idan ita ma ta kwana, yadda kowa ke amsa gaisuwar safe a wajenmu. Ta ce ta kwana, ta rubuta cewa yana barci. Aka sallame mu da maganin ƙarin jini. Sai a hanya na lura cewa amsar gaisuwa kawai ya ba ta, domin amsar da yake ba ni ke nan kowace safiya.

Ka ce za ka ɗauke shi zuwa Bulawayo idan bai gyaru ba kafin hutun Agusta. Ya ce ba zai bar kabarin matarsa ba.

Ƙanwarka,
Sekesai

Mutoko, 22 ga Yuli

Yaya Tavengwa,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya sanyi a wajenku?

Akwai wata tsohuwa, Mbuya Gwatidzo, da aka koya wa sauraron masu damuwa. Kan benci take zama a bayan asibiti. Baba ya ce shi ba mahaukaci ba ne, amma ya bi ni. Ta gaishe shi, ya ba ta amsar da ka sani.

Ta ce, "To ni ban kwana ba, dattijo. Kai fa?"

Ya daɗe yana juya hularsa, sannan ya ce tun Janairu rabonsa da barcin kirki. Nan ta kore ni. Daga baya ta ce mini yawan tunani ne, kuma ana warkewa.

Yanzu duk Laraba yana zuwa da ƙafarsa. Yana kiranta uwar bin diddigi, ita kuma tana ce masa kurman gangan. Bai yi ƙiba ba tukuna, amma yana cinye rabin kwano. Ka bar maganar Bulawayo.

Ya ba ni saƙo. Ya ce in tambaye ka yadda kake kwana tun Janairu, kuma kada ka sa masa "idan" a cikin amsar.

Ƙanwarka,
Sekesai