Yaya Zan Karɓe Jakata Daga Kafaɗar Baba?

Anti Ishbel, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Ni 'yar wasan golf ce, shi ne sana'ata, kuma na ci manyan kofuna. Ba zan faɗi sunana ba, ko da yake mutanen yankinmu na Fife za su gane ni.

Babana ne ke ɗaukar mini jakar sanduna tun ina ƙarama har na zama abin da na zama. Shi ke tsinko ciyawa ya watsa sama, ya ce iskar teku za ta juya, in ɗauki sanda kaza. Har tsiya yake mini wai hannuna na gwanaye ne, amma kaina na kaza. Bara Mama ta rasu, tun daga nan ya fara mantuwa. Na ce baƙin ciki ne, zai wuce.

A ranar ƙarshe ta gasar watan jiya ina kan gaba. Mun gama ramin farko, na sa hannu a jaka, sai na ga tsohuwar sandar Mama, wadda takan je da ita wasan mata na ranar Talata. Kin san doka, sanduna sha huɗu ne, tata ta zama ta sha biyar. Baba ya ce ai ya ga tana jingine ita kaɗai a bayan ƙofa ne. Ni da kaina na kira alƙalin wasa, aka ci ni tarar ƙarin bugu biyu, a golf kuwa mai ƙarancin bugu ne ke yin nasara, kofin ya kuɓuce mini da bugu ɗaya.

Wallahi ba kofin ke sa ni kuka ba. Washegari ya sauko da takalmansa a ƙafa yana tambaya ƙarfe nawa za mu fara, bai san an yi komai ba. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, gaba zai yi ta yi. Manajana ya ce shi zai sallame shi in na kasa. Anti, jakar nan ce kaɗai ta rage masa. In na karɓe, me na bar masa?

'Yar Baba, daga Fife

'Yata, sannu. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ban ga laifin kowa ba.

Gaskiya ne jakar ce ke tashinsa da safe. Amma ki duba ɗaya gefen: wata rana zai tsaya tsakiyar fili, jama'a da kyamarori a kansa, bai san ramin da ake ba. Mutumin da ya yi shekaru ana girmama shi a wannan sana'a bai cancanci a gan shi haka ba. Ki nemi wani mai jaka don gasa.

Sai dai kada ki bar wa manaja wannan magana. Ke za ki faɗa, a gida, da safe lokacin da kansa ya fi washewa, ga shayi a gabansa. Ranakun atisaye kuwa ki bar masa su, ya ɗauki jaka, ya yi miki tsiyarsa. Ki kuma nemi 'yan uwa ku raba jinyar, kada ki ɗauka ke kaɗai.

Abin da ya fi wuya shi ne zai manta kin faɗa. Za ki sake faɗa masa, wataƙila sau da yawa, kuma kowane karo sabo ne a wurinsa. Ki riƙe hannunsa kowane karo kamar na farko.

Allah Ya ba shi sauƙi, ke kuma Ya ƙara miki ƙarfin zuciya.

Anti Ishbel