Inuwar da Ta Manne wa Mota

Yaya,

Bayan gaisuwar girmamawa, yaya ƙafar Inna?

Ni kam ina ta bunƙasa a fagen ilimi, illa ɗan tsaiko. Hotunan motar fim ɗin da muke haɗawa a wurin aiki, waɗanda na yi mako uku ina zanawa a kwamfuta, na adana su a tsarin fayil mai narkar da komai wuri guda, alhali manhajar abokiyar aikina mai harhaɗa hotuna tana buƙatar mota daban, inuwa daban. Na soma zayyano mata nazariyyar jami'a, ta ce, "Malam Digiri, inuwar kawai nake nema."

An ba ni mako guda in gyara, ko kujerata ta koma hannun wani. Hankalina kwance yake ƙwarai. Amma ki roƙi Inna ta dakatar da shelanta wa maƙwabta cewa sunana zai fito a fim, ta koma addu'a.

Ƙaninki mai biyayya