Baba Amos Ya Ajiye Babur

Gozaki, Fabrairu 1986

Zuwa ga 'yata Salome,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ya aikin asibiti, ya Zariya? Mu nan sai godiya. Audugar bana ta yi kyau.

Ga abin da ya sa na rubuto. Tun da babanku ya zama wakilin sayen auduga ya daina taka ƙasa. Ko majami'a da babur yake zuwa, ga ta nan bayan gidanmu. Ya yi tumbi har rigunansa sun ƙi shi. Shekaranjiya maƙwabcinmu Alhaji Sanda ya ce masa, "Amos, wannan ciki ne ko rumbu?" Babanku ya ce, "Arziki ne ya rasa wurin zama." Aka yi ta dariya.

Ni dai ban yi dariya ba. Ruwa yake sha ba ƙaƙƙautawa, fitsari ba iyaka, kuma na ga kiyashi na taruwa inda ya yi. Kullum ƙeyarsa na ciwo. Da na yi magana sai ya ce ba na son ganin ya huta.

Ƙanwarki Lauratu ma ta yi jiki, kowa yana yabawa. Sai dai wuyanta ya yi baƙi. Na dirje shi da soso har ta yi kuka, bai fita ba. Ki aiko mata da man shafawa mai kyau.

Ki huta lafiya.
Mamarki, Mairamu


Zariya, Maris 1986

Mama,

Ina gaishe ku da kyau, ke da Baba da duk mutanen gida.

Don Allah ki daina dirzar wuyan Lauratu, ba datti ba ne. Irin wannan baƙin yakan fito wa mai ƙiba idan jiki ya fara kasa sarrafa suga. Abin da ke damun Baba shi ne ya fara leƙo ta, ga ta 'yar shekara sha shida.

Ku zo min da su duka biyun, kada su karya kumallo ranar, saboda za a ɗebi jini. Na san Baba, in kika ce asibiti ba zai zo ba. Ki ce masa likitan da nake aiki da shi yana son ganin mutumin da ya sa 'ya mace a makarantar jinya lokacin da ake masa dariya. Ba ƙarya na yi ba, likitan ya taɓa faɗin haka.

Sai na gan ku.
'Yarki, Salome


Gozaki, Afrilu 1986

Zuwa ga Salome,

Bayan gaisuwa, ina sanar da ke mun iso gida lafiya.

Na ji daɗin ganinki cikin fararen kaya, manya suna kiranki Sista. Na ba dattawan majami'a labari har sun gaji.

Amma likitanki ya wuce gona da iri. Ya zagaye cikina da igiyar awo kamar tela. Ya ce abu huɗu ne suka haɗa kai a jikina: tumbi, hawan jini, suga, da kitse a jini, kuma in an bar su sai su taɓa zuciya ko su shanye ɓarin jiki. Ƙwayar da ya ba ni ina sha. Sauran kuwa, wato in bar shayi mai madara da suga, in bar tsire da lemon kwalba, in rage tuwo da gishiri, in koma zogale da rama, wannan ban yarda ba. Na ci ganye a shekarun fari, lokacin da ba mu da zaɓi. Na yi noma har tafin hannuna ya tsage don kada 'ya'yana su san wannan. Yanzu a ce in koma da ƙafata?

Lauratu ce ya kamata ta bi dokar, tunda ya ce ita ba ta buƙatar ƙwaya, gyaran ci da motsa jiki sun ishe ta. Na gaya wa mamarku ta lura da ita.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki, Amos


Gozaki, Agusta 1986

'Yata Salome,

Ina gaishe ki. Ki gafarta mini shirun, damina ce ta riƙe ni.

Bayan dawowarmu gidan nan ya zama filin daga. Ina ba Lauratu wake da ganye, babanku na gefe yana buɗe ƙunshin tsire. Rannan ta ture kwanonta, ta je ta zauna gabansa ta miƙa hannu. Ya ce, "Ke ba an hana ki ba?" Ta ce, "Kai ma an hana ka, Baba. In za ka ci, mu ci tare. In ciwon zai kayar da kai, ya kayar da mu tare."

Salome, sai babanku ya janye hannunsa daga tsiren. Ya naɗe takardar ƙunshin ya ba ni ya ce in kai wa maƙwabta. Washegari ya tura babur cikin zaure ya rufe shi da buhu. Ya ce, "Lauratu, ɗauko fartanya."

Tun daga nan kullum da sassafe suke takawa zuwa gonar fadama, su yi aiki, su dawo a ƙasa. Abin da ta ci shi yake ci. Wuyanta ya fara washewa, shi kuma ciwon ƙeya ya bar shi.

Sai dai abin ya jawo masa asara. Ganin ya rame kuma yana yawo a ƙafa, an baza a kasuwar Bakori wai Amos ya karye. Wasu manoma sun ce bana wani wakili za su kai wa audugarsu. Na ce ya hau babur ɗin ko da ranar kasuwa ce, a gan shi. Ya ce, "Na yi wa yarinya alkawari. Wanda zai tafi ya tafi."

Na aure shi da ƙuruciya, amma sai yanzu na san wa na aura.

Mamarki, Mairamu


Gozaki, Disamba 1986

Salome,

Ina gaisuwa. Na je awo Malumfashi kamar yadda kika ce. Jini ya sauka, suga ya sauka, sun ce in ci gaba da ƙwayar kada in yi wasa. Manoma kaɗan sun bar ni, ban bi su ba.

Ranar godiyar kaka na miƙe a majami'a na faɗi ciwona da bakina, da alamominsa. Tun daga ranar masu tumbi ke sallama a ƙofata ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce wai wani ɗan'uwansa yake tambayar wa.

Idan za ki zo Kirsimeti ki taho da abin awon jinin nan. Na sa an share zaure, an jera benci. Na gaya musu 'yata ce za ta duba su, kuma ba mai tsallake layi, ko da fasto ne.

Mahaifinki, Amos